Numfashin Odessa

Wata leda ta manne a fuskar Odessa, abokin wasanta mai rufaffiyar fuska yana ƙara shaƙe ta. 'Yan kallo sun kewaye su a wani zauren fasaha na Chicago, suna jan numfashi tare da bugun ganga, wasu har idanunsu sun juye.

Lamont mai gadi ya ga ƙafafunta sun daina shure-shure.

"Kada ka kuskura," in ji Madam Whitlock, shugabar zauren. "Kullum haka suke yi da abokin wasanta Anton. Sai ta suma, ta farfaɗo."

Lamont bai saurare ta ba. Ya suri kujerar ƙarfe ya maka wa mutumin a ƙeya. Jini ya fantsama a farin bango, mutumin ya kife. Lamont ya yage ledar, Odessa ta sarƙe da tari.

"Ɗan iska, ka ɓata mana wasa!" wani ya daka masa tsawa.

"Ka kashe min Anton!" in ji Whitlock.

Sai ga Anton ya shigo a guje, yana haki.

"Ku yi haƙuri, wani ne ya kulle ni a banɗaki. An fara ne?"