Kifi Mai Ido Uku

Masassaƙin ya juya ɗan kwalekwalen wasan da wata mata ta kawo rumfarsa a kasuwar Wudil, a sa masa filafili da kujeru. An zana kifi mai ido uku a gindinsa. Alamar yayansa ce, wanda ruwa ya ci shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, aka yi zaman makoki ba gawa.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan tsohon abu?"

"Ai sabo ne, malam. Maigidana ya sassaƙa wa ɗanmu shekaranjiya, sai wuƙarsa ta karye." Ta nuna bakin hanya. "Ga shi can riƙe da jaki. Ya ce ba zai ƙaraso ba."