Guzurin Tani

Tani ta ƙulle gishirin Foga a tsumma, ta danna shi cikin tukunya, ta ɗora irin gero a kai. Kabo, ƙanin mijinta, yana tsugune a bakin ƙofa yana wasa mata gatari. Gatarin nan tuni ya yi kaifin da zai aske gemu, amma Kabo ya ƙi ɗauke shi daga kan dutse, don ya san da ya miƙa mata, shiri ya ƙare.

Daji za ta, wurin mijinta Yakuba. Ba kuma ziyara ba, zama ne na har abada.

Duk Gaya an san labarin. Shekarar da Nasara suka kafa bariki, gardawansu, wato dakarunsu masu jar hula, suka ɗaure maza a igiya ɗaya, suka ɗora musu kaya zuwa Dosso. Da Yakuba a ciki, da Kabo, da tsoho Alfari mahaifin Tani. Alfari ya faɗi a hanya, bulala ta ƙarasa shi. Kabo ya dawo ba wansa, ya ce Yakuba ya tsinke igiya, ya ƙetare kogin Kwara, ya shige dajin da giwa da ɓauna ke kiwo, ya rantse ba zai ƙara zama ƙarƙashin Nasara ba. Tun daga ranar, in Tani ta hango jar hula sai ta kau da kai ta tofar da yawu.

Kabo kaɗai ya san inda wansa yake. Jefi-jefi yakan ɓace, ya dawo mata da ƙunshin kilishi da gaisuwa. Takan sansana naman ta yi dariya ta ce, "Oh, yayan nan naka! Har yaji yake samu a daji." Gari kuwa yana ganin girman gidan. Ana ta kwasar samari aikin hanya amma ba a taɓa kiran sunan Kabo ba, har ake raɗe-raɗin Yakuba ne ya aiko masa da laya.

To, bana uwar Tani ta rasu. Ana share makoki ta ce ba abin da ya rage mata a gari.

Kai, Kabo ya sha wuya! Ba irin tsoron da bai ba ta ba. Ya ce mata akwai ƙudan tsando, akwai kura, in ciwo ya kama mutum ba mai jiƙa masa magani, in ya mutu ba mai binne shi. Ta ce ai shi ya sa za ta, kada yayansa ya mutu ba kowa a kansa. Ya ce a bari ruwa ya janye. Ta bari, ta yi ta shanya kuɓewa da kuka. Ya ce a bari a yi girbi. Ta tafi wurin wani tsohon maharbi ta koyi ɗana tarko, ta koyi kunna wuta da ƙyastu har yatsunta suka farfashe. Akuyarta guda ɗaya tilo ta bayar, maƙeri ya ba ta gatari da hauya.

Abin da ya fi ƙona wa Kabo rai shi ne matan unguwa. Waɗanda aka kwashe wa 'ya'ya suna shigowa a ɓoye, wannan da daddawa, waccan da zare da allura. Wata tsohuwa ta kama hannun Tani tana hawaye ta ce, "Ki gaya masa shi ne namijin da ya rage mana." Kabo ya tashi ya fita, abinci bai shiga cikinsa ba ranar.

Da dabara ta ƙare masa, sai Kabo ya tare wani mai jakunan gishiri da zai bi ta Dosso, ya ba shi saƙon baka: "Ka ce masa na gaji. Ya zo da kansa."

Ranar tafiya, hantsi ya same su a bakin kogi. Seyni mai jirgi ya ɗora tukunya da tabarma, ya riƙe sanda yana ƙunƙuni. Kabo kuwa ya kwance ɗaurin kaya ya sake ɗaurewa, ya ce igiyar ba ta yi ba. Idonsa ba ya kan ruwa, yana kan hanya.

"Kabo, shiga mana," in ji Tani. "Ɗan Gaya guda kana tsoron ruwa?"

"Tani, akwai maganar da..." Ya buɗe baki ya rufe, kamar kifin da aka jefo tudu.

Sai ga masu wanki sun watse, kowa ya suri kayansa. Jerin mutane ne ke gangarowa daga hanyar Dosso, ɗaure a igiya, gardi ɗaya a gabansu. Ya tsayar da su a inuwa, ya nufo jirgin shi kaɗai, bulala na reto a wuyan hannunsa. Seyni ya saki sanda ya durƙusa. Kabo ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Tani ko kallo bai ishe ta ba. Ta juya baya, ta tofar da yawu, ta ɗaga ƙafa za ta shiga jirgi. Gardin ya sha gabanta.

"Kauce, karen Nasara," ta ce, idonta a ƙasa. "Ku kuka kashe ubana. Mijina na jira na a inda bulalarku ba ta kaiwa."

Gardin bai kauce ba. Can, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Tani."

Ta sandare, ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a tudu, sannan ta ɗago kai a hankali. Kabo ya rufe fuska da hannu biyu: saƙonsa ya isa, ga wansa tsaye sanye da jar hula. Yakuba bai taɓa tsinke igiya ba, bai taɓa ƙetare Kwara ba. A barikin Dosso aka kwance shi, ranar da ya miƙa hannu ya karɓi jar hula.