Sifirin Mai Guga

Wata huɗu ke nan mai guga ba ta yi barcin kirki ba. Mijinta na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Gari na wayewa ta tafi kamfanin wanki, ta tsaya awa goma gaban injin guge zannuwan gado.

Ran nan kamfanin ya kawo masu bincike. Suka raba takarda: daga sifiri zuwa goma, nawa ne jin daɗin rayuwarka? A ƙasa an rubuta cewa duk wanda ya zaɓi ƙasa da uku, likita zai kira shi, a sassauta masa aiki.

"Yaya, sa takwas mu huta," in ji abokiyar aikinta. "Ni tara na ba su, duk da ciwon bayan nan."

Mai guga ta zagaye sifiri. Ta danna biro har takardar ta huje.

A ofishin masu bincike, mai shigar da amsoshi a kwamfuta ya dakata.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗari da arba'in, kowa daga bakwai zuwa sama. Sai mace ɗaya, sifiri."

"Amsar da ta ware haka kuskure ce," in ji shugabansa. "Ba ta gane tambayar ba. Cire ta, tana ja mana jimla ƙasa."

"Ko mu kira ta? Ga lambar wayarta."

"Malam, ƙarfe huɗu za mu miƙa rahoto. Cire."

Ya goge layin.

Mai guga na jira. Ko banɗaki da wayar take shiga. "Za su kira," take ce wa mijinta tana goge masa baki. "A rubuce suka sa."

Bayan sati uku ta je wurin manaja, ta roƙe shi ya rage mata awa biyu kawai. Ya nuna mata sakamakon binciken a allon sanarwa. "Takwas da rabi muka samu. Ba ki gani ba? Kowa lafiya lau sai ke?"

Ranar Talata barci ya sace ta a tsaye. Injin ya ja hannunta na dama tare da zanin. Daga gwiwar hannu likitoci suka yanke.

Yanzu majinyata biyu ne a ɗakin, babu mai juya wani.

Mai karatu, in aikinka auna rayuwar mutane ne da lambobi, amsar da ta fita daban ba shara ba ce. Kafin ka goge ta, kira mai ita ka ji.