Mai Jiran Ɗorawa

Tunda ka ce abin yana ba ka haushi, wai mutum ciwo ya ci ƙarfinsa amma bakinsa bai daina faɗin "baɗi" ba, bari in ba ka labarin wasu masu kiwon zuma su biyu, maƙwabta, katanga ce kawai tsakaninsu.

A garinsu akwai wata ɗorawa a bakin fadama wadda ƙudan zuma ba ya wuce ta. Al'adarsu kuwa, itacen da mutum ya rataya amyarsa, wato saƙaƙƙen gidan ƙudan zuma, nasa ne, sai fa in shekara ta zagayo bai rataya ba. Shekara ashirin ɗorawar nan tana hannun ɗayansu, shekara ashirin ɗayan yana haɗiyar yawu. Ana nan sai ciwon hanta ya kama mai ɗorawa. Aka kai shi asibitin birni, likita ya ce a mai da shi gida, da wuya ya ga damina. Maƙwabcin ya je dubiya, ya yi sannu har da girgiza kai, amma ya fito yana zaɓen rassa a zuciyarsa. Shekarar nan ko amya ɗaya bai kai wani itace ba. Ya jingine nasa a zaure, ya zauna jira.

Ana gama kaka ya leƙa ta katanga, sai ga mutumin zaune a tabarma, ya rame kamar kara, yana saƙa sabuwar amya yana shafe ta da kashin shanu, yana gaya wa matarsa wadda za a fara ɗiba in bazara ta yi. Har dariya yake yi! Abin ya tsaya wa maƙwabcin a wuya. Ba a kan ɗorawar kaɗai yake masa hassada ba. Shi da lafiyarsa garau, bai taɓa ambaton baɗi da irin wannan kwanciyar hankali ba, kuma wannan ya fi ci masa rai. Sai ya shiga gari da maganar, daga ƙofar masallaci zuwa rumfar mahauta: ku zo ku ga haɗama, mutumin da likita ya sallama, ko turmi ba ya iya hawa, wai shi ne zai rataya amya.

Nufinsa a yi tir. Mutane kuwa abin da suka ji shi ne, bawan Allah ya saƙa amya ba shi da mai hau masa itace, abin da da can ba wanda ya sani. Ranar Asabar sai ga gayya, magidanta da igiya da tsani. Aka ɗauko mara lafiya a amalanke aka zaunar da shi a inuwa, yana nuna reshe da sandarsa. Kafin azahar amya goma sha biyu sun hau. Ɗorawa ta yi fure, ƙuda ya shiga duka.

Mai ɗorawa kuwa ya ga zumar, ya sha da bakinsa. Ya cika ƙwarya ya aika wa maƙwabcin, da saƙo: "An ce kai ka kai kukana cikin gari. Allah ya saka da alheri."

Likita bai yi ƙarya ba, ruwan farko a kan kabarin mai ɗorawa ya sauka. Amma ya bar amya uku da ya fara saƙawa don baɗi, masu gayya suka ƙarasa su suka rataya wa iyalinsa, ɗorawa ba ta bar gidan ba. Da maƙwabcin ya je ɗaga nasa a zaure, sai suka ruguje a hannunsa, ashe gara ta daɗe da gamawa da su. Ƙwaryar nan ita ce iyakar zumar da ta shiga gidansa a shekarar, kuma ya kasa kai ta bakinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.