Sifili Ɗigo Biyu

Tun da Allah ya yi wa matarsa rasuwa, Malam Haliru shi kaɗai ya rage a gidansa na Rawayya. Ɗansa Sabiru yana tuƙin keke mai ƙafa uku a Gusau, 'yarsa Juwairiyya kuwa tana aure a Tsafe, inda take koyarwa a firamare. Shi zai hura wuta, shi zai share tsakar gida. Wata rana sai ya wuni bai yi magana da kowa ba, in ban da gaisuwar masallaci.

Damina ta yi kyau a wannan shekara. Masararsa ta fito shar, amma ciyawa ta taso mata haiƙan. Ga ƙugu ya fara ciwo, ga babu mai kama masa noma. Sai ya yanke shawarar yin abin da bai taɓa yi ba, wato feshin maganin ciyawa.

Ranar kasuwa ya tafi Bunguɗu ya sayi kwalba mai lita ɗaya. Mai shagon ya ce masa ita kaɗai za ta ishi gonarsa, ya nuna masa rubutun da ke jikinta: lita 0.2 a kowane tankin feshi. Ya tambaye shi ko ya gane, ko kuwa a auna masa ya gani.

A bakin shagon akwai mutanen Rawayya biyu. Malam Haliru kuwa ya yi firamare tun zamanin da 'yan boko ba su da yawa a garin, kuma an saba kawo masa abu ya karanta. Ya ji nauyin a ce yau shi ake koya wa karatu a gabansu.

"Na gane sarai," in ji shi, ya saka kwalbar a buhu.

Da ya isa gona ya zauna gindin kaɗanya yana duban lambar. Abin da ya iya tunawa na makaranta shi ne, rabi ana rubuta shi da ɗaya a sama, biyu a ƙasa. To, ga biyu nan a jikin kwalba. Ya ce a ransa ai rabin lita ke nan.

Ya hango maƙwabcinsa Bawa yana feshi a tasa gonar. Bawa ya daɗe yana wannan aiki, amma sun shekara ba sa shiri saboda wata gardama a kan iyaka. Malam Haliru ya kawar da kai. Ya ciro waya zai kira Juwairiyya, sai ya ga kamar zubar da girma ne uba ya tambayi 'yar cikinsa lissafi. Ya mayar da ita aljihu.

Tanki biyu kacal ya yi, kwalba ta ƙare, ko tsakiyar gona bai kai ba. Nan ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Maimakon haka sai ya ce mai shago ne bai san girman gonarsa ba. Ya koma Bunguɗu, ya kauce wa shagon farko don kada a yi masa tambaya, ya ƙaro kwalabe a wani wuri ya ƙarasa feshinsa.

Kafin mako ya zagayo ganyen masara ya fara nannaɗewa. Daga nan ya yi ruwan ɗorawa, ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ciyawa ta mutu, masara ma ta bi ta. Damina kuwa ta yi nisa, babu halin sake shuka.

Kullum da hantsi sai ya je ya tsaya bakin gona, hannu a baya, ya yi ta kallo. Masu wucewa su yi masa jaje, ya amsa da ka.

Da labari ya kai Tsafe, Juwairiyya ta zo. Ta sami kwalaben a zaure, ta karanta, ta tambaye shi nawa ya riƙa zubawa. Ya faɗa mata. Sai ta durƙusa ta ɗauki tsinke ta rubuta a ƙasa.

"Baba, in lamba ɗaya ce bayan ɗigo, bisa goma ake ɗora ta. Wannan biyu bisa goma ne. Ku raba sama da biyu, ku raba ƙasa da biyu, ya zama ɗaya bisa biyar. Kwalbar nan kashi biyar za a yi ta, kowane tanki kashi ɗaya. Rabi kuwa sifili ɗigo biyar ne."

Malam Haliru ya daɗe yana kallon rubutun nan.

"Ashe iyakarsa ke nan?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Iyakarsa ke nan, Baba. Mi ya hana ku kira ni?"



Da kaka ta yi, rumbunan Rawayya suka cika, nasa ko dami bai shiga ba. Ya sayar da awakin da matarsa ta bari ya ci, suka ƙare. Daga ƙarshe Sabiru ya zo ya kulle gidan ya tafi da shi Gusau.

Yanzu yana zaune a ɗakin haya, a unguwar da babu wanda ya san sunansa. Sabiru kan fita tun da sassafe, sai bayan magariba. Tsoho ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, motoci suna wucewa, shi kuwa yana zaune har rana ta faɗi.

Jama'a, lambar da ke jikin magani, na gona ne ko na mutum, ba abar kintace ba ce. In ba mu gane awon ba, mu tsaya a auna mana mu gani da idonmu. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, asarar da rashinta ke jawowa kuwa takan cinye guminmu na shekara.