Farin Hayaƙin Motar Malam Pyo

Karo na uku ke nan da motar Malam Pyo ta shiga garejin Man-bok tana jan farin hayaƙi a bayanta, mai kauri, har masu sayar da busasshen kifi a bakin titi suka riƙa kaɗa hannu suna tari.

Malam Pyo ya fito ya maido ƙofa da ƙarfi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da lissafi a wannan gari na tsakanin duwatsun lardin Gangwon, inda sanyi kan daskarar da ruwa, kuma bai taɓa barin kuskure ya wuce jan bironsa ba. Man-bok ɗalibinsa ne na da, ɗan bencin baya. Yanzu ya haura hamsin, furfura ta fito masa, amma yana ganin Malam sai ya cire hula ya rusuna.

"Sha biyu ga Disamba ka gyara. Uku ga Janairu ka sake gyarawa. Yau ashirin da ɗaya ga wata. Kai Man-bok, a aji ma sau biyu nake ba ka dama."

Man-bok ya tsuguna a bakin salansar motar. Da sanyin asuba kowace mota tana fitar da tururi, injin na ɗaukar zafi sai ya ɓace. Wannan kuwa bai ɓace ba. Ya tara tafin hannu ya sunsuna, ya sake sunsunawa. Ya buɗe murfin baƙin mai, ya ga ya koma kalar shayi da madara. Ya leƙa lagireto, ɗan ruwan da ya rage ja ne da tsatsa.

"Malam, ruwa ne ya daskare a cikin injin, ya tsaga kan silinda. Shi ne yake zuba ciki yana fita da hayaƙi. Amma da hannuna na zuba koren maganin nan na hana ruwa daskarewa. Da yana ciki, da hayaƙin nan ya yi zaƙi-zaƙi a hanci. Wannan ba ya warin komai."

"Wato ba ka zuba ba."

"Na zuba, Malam. Ko akwai wanda yake..."

"Wanda yake me? Ni kaɗai ke da makullin motar nan. Ƙarasa mana, sarkin ilimi."

Man-bok ya dubi ƙasa. Wanda ya koya maka karatu ba ka titsiye shi da tambaya, ko da kana da jikoki. Sai ya buɗe but ya sauke wa Malam jarkokinsa huɗu, waɗanda yake cikowa kowace safiya a maɓuɓɓugar kan dutse, inda tsofaffin gari suke layi tun kafin rana ta fito. Ruwan famfo ba ya shiga gidan Malam Pyo. Da na dutse ake dafa masa shinkafa, da shi yake shayi, da shi yake wanke fuska, kuma yakan ce shi ya sa bai san ƙofar asibiti ba.

A ranar Malam Pyo ya zauna ya rubuta ƙara zuwa ofishin gunduma. Shafi huɗu, ba gogewa ko ɗaya, kowane kwanan wata da layi a ƙarƙashinsa. Abu ɗaya ya nema: a cire allon amincewar gunduma daga ƙofar garejin. Da wannan allo ne motocin makarantu suke zuwa wurin Man-bok, kuma su ne abincin gidansa. Mutumin da ba zai iya riƙe amanar motar malaminsa ba, in ji takardar, bai cancanci a ba shi motar da ke ɗaukar yara ba.

Jami'in da aka turo shi ma Malam ne ya koyar da shi. Ya ɗebi ruwan lagireto ya auna a gaban kowa. Ruwa ne zalla, ba ɗigon magani. Ya tambayi Man-bok ko yana da abin cewa.

"Na zuba," in ji Man-bok. Ya ɗaga ido ya dubi Malam.

Aka kwance allon. Matar Man-bok ta fito daga ciki, hannunta jajir da barkonon haɗa kimchi, tsumammen kabejinsu, ta tsaya a gaban Malam Pyo ba ta rusuna ba.

"Shekara arba'in yana gaishe ka, Malam. To, ga tukuici mun gani."

"Ki gaya wa mijinki, sifili na ba shi a aji, sifili na ba shi yau."

Aka ja motar zuwa wani babban gareji a birni, aka sa mata sabon kan silinda. Bayan kwana shida Malam Pyo ya tuƙo ta da kansa, yana duba madubi a kowace kwana. Ko ɗigon hayaƙi babu. Da ya zo daidai garejin Man-bok ya rage gudu, don a gani.

A gida ya jira injin ya huce, domin bai taɓa karɓar aikin kowa bai duba ba. Ya sa safar hannu, ya ɗaga bonet, ya buɗe murfin lagireto, ya leƙa. Sai ya ja dogon tsaki. Ashe na birnin ma ƙazamai ne, irin koren ruwan nan mai kama da na kududdufi suka bar masa a mota.

Kamar yadda ya yi ranar sha biyu ga Disamba da ranar uku ga Janairu, ya kwance murfin ƙasan lagireton ya tsiyaye koren ruwan tas, ya ɗauko jarka ya cika lagireton da tsabtataccen ruwan dutse.