Murfin Rijiyar Lambu

Kai Sallau, rufe bakin nan, ni abin bai ba ni dariya ba. Tun safe ina kallonka: ka shiga ɗaki ka tsaya ka rasa abin da ya kai ka, ka fito kana neman makullin mota alhali yana hannunka. Ka ce wai ba komai, gajiya ce. Ai gajiyar nake tsoro, ɗan nan, kai da kake ɗaukar rayukan bayin Allah a kan hanya. Zauna in ba ka misali.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, sana'arsu yasar rijiya. Ƙanen ne ke shiga ciki, ya kwance igiya daga ƙugunsa ya riƙa cika guga da laka, wan yana sama yana ja. Duk yankin ba wanda ya kai wan natsuwa. In shi ke riƙe da igiya, wanda ke ƙasa ko ɗar ba ya ji. To sai zama ya juye masa. Matarsa ta kwanta ciwo mai tsawo, shi ne jinya, shi ne nema. Barci sai na sata, a zaune. Abinci kuwa, ya jefa ɓarin goro a baki ya ce ya ci. Majalisar da yakan zauna a yi raha zuciya ta yi sanyi, ko leƙa ta ya daina. Sai ƙananan abubuwa suka fara zille masa. Ya tayar da salla ya rasa raka'a ta nawa yake. Ya je sayen magani ya dawo da gishiri. Ya gaisa da mutum, su rabu, ya juyo ya sake gaishe shi. Abokai suna tsokanarsa wai tsufa ya yi masa sammako, shi ma yana taya su dariya. Ba a sami mai ce masa ya ajiye igiya ya huta ba, har ƙanen nasa.

Ran nan cikin bazara aka kira su wani lambu a bayan gari. Rijiya ce mai zurfi, an shafe cikinta da siminti sumul, babu wurin sa ƙafa. Suka yi ta aiki har ƙanen ya ɗago murya ya ce ido ya buɗe, ruwa ya fara ɓulɓulowa. Wan ya jawo gugan ƙarshe ya juye, ya ce bari ya ɗan jingina da mangwaro ya numfasa kafin ya mayar da igiya. Barci ya sace shi. Kiran sallar la'asar ne ya farkar da shi firgigit, kansa wayam. Ka san hannu da sabo. Kullum in an tashi aiki, ƙanen kan koma gefe ya wanke laka, shi kuma ya naɗe igiya ya rufe rijiya saboda awaki. Da bai ga ƙanen ba, bai yi mamaki ba. Ya naɗe igiya, ya jawo murfin katako ya rufe, har da ɗora dutse a kai. Injin ban ruwa na lambun maƙwabta yana ta ruri, duk ihun da ake yi daga ƙasa bai ji ba. Ya saɓa igiya a kafaɗa ya kama hanyar gida, yana tunanin jikin matarsa.

Yana shiga gida matar ƙanen ta durƙusa ta gaishe shi. Ta dubi bayansa, ta ce, "Yaya, shi yana tafe ne?" Wallahi Sallau, sai a lokacin ya tuna. Igiyar ta suɓuce ta faɗi. Ya zura da gudu babu takalmi, mutane suka bi shi ba su san abin da ya faru ba. Ya ture dutsen, ya ɗaga murfin, ya ƙwala kiran sunan ƙanensa. Ruwa ya haura tsayin mutum, ya kwanta lif, ko motsi ba ya yi. Kafin magariba aka fito da shi, faratansa duk sun ƙare a jikin siminti.

Wan ya rayu har ya tsufa. Komai yana manta shi, wannan yinin kaɗai ya ƙi fita kansa. Ba mugu ba ne, ba kuma sakarai ba. Yunwa da rashin barci da damuwa ne suka yi ta cinsa a hankali, yana cewa ba komai, kamar yadda kake cewa. Saboda haka yau ba za ka hau hanya ba, ko da za mu ɓata. Ci tuwo ka je ka kwanta. Hausawa dai sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.